Jijiyar Ji

Ni aka ɗora wa raka ɗiyar yayana wankin ƙoda a asibitin birni, don a gidanmu na Wara ni kaɗai na gama jami'a. Shekarunta tara. Ta fara kukan tafin ƙafa yana ƙuna kamar ta taka garwashi, wani lokaci kuma silifa ya fice ba ta sani ba.

Likita ta duba takardar gwaji ta yi mini bayani da Turanci. Bitamin D ya yi ƙasa, alamun kumburi a jini sun hau, jijiyoyin da ke kai saƙon ji sun fara lalacewa. Ta ce wataƙila abubuwan suna da alaƙa, ba ta yanke ba. Na rubuta komai, har na sake tambaya.

Mun iso gida da la'asar, Yaya yana ɗinkin taru.

"Mi likita ta ce, ɗan boko?"

"Jijiya ce, da kumburi a jini."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. A bakinmu ta jini jijiya ce, ta ji ma jijiya ce. Na san haka. Ina jin gajiya ce ta hana ni rarrabewa, ko da yake ban tabbata wannan uzuri ne ba.

Na sauka bakin ruwa na yi wanka. Ina dawowa na ji salatin Inna, mahaifiyarmu. Ashe Yaya ya kira wanzami. Wanzamin ya tsattsaga ƙafafun yarinyar ya kafa ƙaho, Yaya ya danne ta da gwiwa. Jini ya jiƙa tabarma, ya ƙi tsayawa. Ko maganin hana daskarewa da ake sa mata a injin wankin ƙodar ne, ko ciwon ne da kansa, ban sani ba.

Ban taɓa dukan kowa ba, amma na hankaɗa wanzamin ya daki bango, askarsa ta keta mini tafin hannu. Yaya ya ɗauki filafilin jirgi ya maka mini a baki. Na ji haƙori a kan harshena.

"Kai ka ce jijiya! Kai ka ce jini ya kumbura! Ƙarya na yi maka?"

Na shaƙe wuyansa, muka faɗi kan tarun.

"Ku kashe juna daga baya, 'yan banza!" in ji Inna. "Yarinya tana tsiyaya!"

Ta yaga mayafinta muka ɗaure ƙafafun. Yaya ya ja babur, ni na rungume ta a baya, jinina da nata a riga ɗaya. A asibiti, jini leda biyu aka ƙara mata, ɗaya daga jikinsa. Ta rayu.

Da ta farfaɗo ta kalli leɓena da ya kumbura.

"Baffa, don mi kuka yi faɗa? Ai ban ji askar ba."

Yaya ya juya gare ni. A nan, da baki fashe, na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun da la'asar.