Gadar Reluwe da Akushin Gidanmu

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Birnin Kudu, ni da mahaifina da Baffana. 'Ya'yan wa da ƙane ne, gida ɗaya suka tashi, amma tun ina yaro ban taɓa ganin sun ci tuwo a akushi ɗaya ba. Dalili kuwa, babba ne ke fara sa hannu, kuma kowannensu ya rantse shi ne babba. Baba ya ce an haife shi shekarar da aka fara ginin gadar ƙauyensu, Baffa ya ce ai shi a shekarar gadar aka yi sunansa. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Da na ji wani direba ya ce Turawa kan rubuta shekara a jikin gada, sai na ce mu je mu karanto, kowa ya huta.

Wata tsohuwar akori-kura muka samu mai zuwa Gwaram. Tun da aka koma tuƙin hannun dama direbanta bai yanke shawara ba, tsakiyar hanya yake bi. Kujerar gaba ɗaya ce ta rage, ya ce babba ya shiga. Wayyo! Sai da muka ɓata rabin sa'a, a ƙarshe wata akuya da mai ita suka samu wurin, mu kuwa muka hau kan buhunan dawa.

A Sara muka karya da ƙosai. Mai tuyar ba ta yarda da sabon kwabo ba, sai ta juya shi ta ƙwanƙwasa a bakin kasko tukuna. Daga Farin Dutse muka sauka muka taka, gero ya fi mu tsawo dama da hagu.

Gadar Reluwe ake ce mata, alhali jirgi bai taɓa bi ta nan ba. Ƙarafan hanyar jirgi aka kwaso aka shimfiɗa bisa rafin, aka jera katako a kai, duk ta yi tsatsa. Na cire takalmi na gangara ƙarƙashinta, na duba ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya. Na sami wurin da aka kafa farantin ƙarfe mai rubutun shekarar, ramukan ƙusa huɗu, amma babu faranti.

Wani tsoho tukuf da ke gadin gonar rake ya hango ni daga rumfarsa, ya ce, "Farantin kake nema? Ai maƙeri ya daɗe da mai da shi fartanya."

Muka gaishe shi, na faɗa masa abin da ya kawo mu. Ya yi dariya har da tari.

"Da kaina na ɗauki dutsen gadar nan. Damina uku muka yi muna ginin, ruwa na cinyewa muna sakewa. Wace shekarar gadar kuke nufi, yara?"

Yara! Baba da furfurarsa, Baffa da sandarsa.

Ana haka aka kawo wa tsohon tuwon dawa da miyar kuka, da tsoka ɗaya a sama. Ya ce bismillah, ya sa hannu, ya dube su. "Ku matso mana, ko sai an yi muku kiɗa?" Wa zai yi gardamar girma a gaban wanda ya ɗauki dutsen gadar? Suka matso, suka sa hannu. Wallahi sai na ji ƙwalla ta cika mini ido, na yi kamar yaji ne.

Sai dai ku san halin mutanena. Babba ne ke fara tsame hannu ya bar wa ƙarami nama. Baba ya tsame, ya ce, "Cinye, ƙanena." Baffa ya riga ya tsame, yana cewa, "Haba, na bar maka." Tsohon ba haƙori. Ni na cinye tsokar.

La'asar sakaliya muka iso gida, ƙugu duk ya yi tsami. Abin da na koyo shi ne, shekarar da aka rubuta a ƙarfe maƙeri na iya narkar da ita, kuma ba kowace gardama ce ke bukatar amsa ba. Washegari da rana Inna ta fito da akushi biyu kamar kullum. Baba ya dubi Baffa, ya dubi akusan, ya ce, "Mai da ɗaya, ki haɗa mana. Wankin ya yi miki yawa."