Lissafin Kwalba

Duk wanda ya ji ana kiranta Maman Takwas sai ya ɗauka 'ya'ya ne da ita reras. 'Yarta ɗaya tal. Takwas ɗin lambar kwalba ce, wato akwatin gilashin da ake saka jariran da suka zo kafin lokacinsu. A wancan ɗakin na asibiti ba a kiran uwa da sunanta, da lambar kwalbar ɗanta ake kiranta. Shekara goma sha tara ke nan da aka sallami 'yarta, amma sunan ya ƙi sakinta.

Tela ce. Shagonta yana layin bayan asibiti, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da bokitai. Keken ɗinki biyu, ɗaya ya mutu tuntuni ya zama wurin jibge yadi, sai benci guda da fankar da ba ta tashi sai an tura ta da sanda. Maganar gaskiya, ba ta iya saka zif ba. Sau biyu na kai mata siket, na tuba. Amma wajen ɗinka kayan bakwaini babu kamarta. Rigunan kasuwa haɗiye irin yaranmu suke yi, ita kuwa takan yanka su daidai tafin hannu, ta juya ɗinkin waje don kada ya goge fata, ba maɓalli sai 'yar igiya. Ma'aikatan jinya ne ke turo mata iyaye ranar sallama. Mutum ya zo karɓar riga, ya zauna kan bencin nan, bai san lokacin da zai fara zuba ba. Da haka zaman da muke yi a shagon duk Asabar ya samo asali, ba wanda ya kafa shi.

Dokokinta biyu ne. Bokiti da sabulu suna bakin ƙofa, mai mura kuma ya gaisa ta taga. Ta biyun, ba a cewa “Allah sarki” a shagon. Ta ce mun sha ta a gida har ta ginshe mu. Maza ma suna zuwa, sai dai su tsaya a bakin ƙofa suna nuna kamar gyaran waya suke jira, kunnensu kuwa yana ciki.

Ni malamar lissafi ce a sakandare. 'Yata ta zo saura wata uku, nauyinta kilo ɗaya, shi ya sa har yau Kilo muke ce mata. Mako goma sha ɗaya ta yi a kwalba ta uku. Ranar da aka sallame mu kowa murna yake, ban da ni. A asibiti na'ura ce ke ƙara idan numfashinta ya sauya. A gida ba na'ura, sai ni.

Da ta cika wata takwas ba ta zama. Ɗan maƙwabciyarmu da aka haifa mako ɗaya da ita har ya fara rarrafe yana jan tabarma. Surukata kuwa sai dai ta kalli yarinyar ta kalli rufin ɗaki. Na daina fita da ita ko'ina. Riga ce ta matse ta, dole ta kai ni shagon wata Asabar.

Maman Takwas ta karɓe ta, allura a baki, ta ce, “Watanta nawa?”

Na ce, “Takwas. Ba ta zama.”

“Takwas na takarda ko na gaskiya?”

Ban gane ba. Ta zare allurar ta ce, “An ce min ke malamar lissafi ce. Wata ukun nan da ya kamata ta yi a ciki, wa zai yi mata su? Ɗebe uku daga takwas, Malama.”

Biyar. Shagon ya kwashe da dariya, har wani direba da ke bakin ƙofa ya ce shi ma sai da ya ci wannan sifirin. Daga baya na tuna likita ya faɗa mana haka ranar sallama, amma ranar ko sunana aka tambaye ni sai na yi tunani. Na yi kuka, na yi dariya, na koma gida na ci abinci faranti biyu. Ban taɓa son wani lissafi kamar wannan ba.

Na zama 'yar gida. A bencin nan na koyi yadda ake hana baƙi sumbatar jariri ba tare da an ɓata zumunci ba, na kuma gane ba ni kaɗai ke kai yatsa hancin yaro ba don in ji ko yana numfashi. Maman Takwas ba ta iya lallashi ba. Idan uwa ta fara kuka, sai ta miƙa mata tsumma da almakashi ta ce ta yanke mata zare. Labarin kowa tana da shi a ka, nata kuwa ba ta bayarwa. Abin da muka sani kawai, 'yarta tana kwaleji a wani gari.

Kilo ta kai wata goma, ta kai sha ɗaya, ba zama. Na ɗebe uku. Da ta kai sha biyu na ɗebe uku, na ƙara ɗebe makon da ta yi zazzaɓi, da na fitar haƙori. Na tsallake ranar komawa asibiti sau biyu, na ce wa maigidana jarrabawa ce ta riƙe ni. Idan ya yi magana sai in kawo masa lissafi, shi kuma wa ya isa ya ja da malama?

Tana wata goma sha uku na kai ta awon wando. Maman Takwas ta kwantar da ita a tebur. Na ga ta daɗe tana ƙoƙarin raba ƙafafun, sun miƙe sun harɗe kamar almakashi. Ta buɗe hannun dama, ya koma ya dunƙule. Ta jira kowa ya watse.

Ta ce, “Malama, ɗebewa ta ƙare. Ki kai yarinyar nan wurin likita.”

Na ce, “Ai in aka cire uku...”

“Goma. Na iya. Ki kai ta.”

Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa sanin ina da irinsa ba. Na ce, “Ke tela ce ko likita? Zif ma ya gagare ki, sai ciwon 'yar mutane za ki gano?” Na fizgi 'yata na fita, ko wandon ban waiwaya ba. Asabar biyu ban je ba. Tsoro ne, na sani, amma na fi son in kira shi fushi.

Ranar Litinin da safe ina ɗaura agogo zan tafi makaranta aka buga ƙofa. Maman Takwas ce, da mayafin fita da jaka a hammata. Ranar Litinin kuwa ita ce ranar cinikinta.

Ta ƙi shigowa. Daga nan bakin ƙofa ta ce, “Shekara biyu da rabi na yi ina ɗebewa. Kowa ya ga ƙafar 'yata, kowa ya ji nauyin bakinsa. Yanzu da sanduna biyu take shiga aji. Ɗauko ta. In zagi ne bai ishe ki ba, ki ƙarasa min a mota.”

Na kira shugabar makaranta na ce ba zan samu zuwa ba.

A asibiti Maman Takwas ba ta shiga ɗakin likita ba, ta zauna a bencin waje. Likita ya daɗe yana lanƙwasa ƙafafun Kilo yana miƙewa, ya ba ta abin wasa ta hannun dama, ta karɓa da hagu. Bai ɓoye min ba: jijiyoyin sun ɗaure, abu ne da kan samu wasu bakwaini, kuma ba zai yi min alkawarin yadda tafiyarta za ta kasance ba. Ya rubuta mu sashen motsa gaɓoɓi, sau biyu a mako, a fara jibi. Da na tambaye shi ko na cuce ta, ya ce da watan jiya muka zo da ya fi, amma jikin yaro a wannan lokacin yana karɓar gyara sosai.

Na fito da Kilo a kafaɗa. Maman Takwas ta miƙe, jakarta ta faɗi, ba ta ko kalle ta ba.

“Me ya ce?”

“Ya ce ba mu makara ba.”

Ta koma ta zauna. Ta juya fuskarta bango, ta daɗe a haka, kafaɗunta suna rawa. Ni da na zo da nawa kukan sai na tsaya riƙe da shi, ban san inda zan ajiye ba.

Can ta share ido da gefen mayafi ta ce, “A ɗakin nan aka ce min na makara.”