Haihuwar Fari a Ƙetaren Gada

Mijin autata ba soja ba ne, ko bindigar wasa ban taɓa ganinsa da ita ba. Amma a wani ofishin soja yake aiki, inda ake zama a auna abin da runduna za ta buƙata shekaru masu zuwa: mai, taya, shinkafa, da abin da zai tsaya cik idan ɗayansu ya yanke. Ni da na bar lakwal, wato makarantar boko, tun ban iya ɗaura wando da kyau ba, sai na naɗa shi Janar.

Shekarar da gari ya rikice bayan zaɓe, autar tawa na da cikin fari. A al'adarmu gidan iyaye ake haihuwar fari, wato wajena a unguwar Williamsville. Su kuwa suna Treichville, ƙetaren gada. Na aika a kawo mini 'yata.

Sai ga Janar shi kaɗai. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Yaro mai kunya ba ya ce wa surukinsa a'a, don haka ya jawo kofunan shayina ya jera a tabarma.

"Baba, wannan mai ne. In ya yanke, motocin haya na woro-woro sun tsaya. Wannan mahaɗar Indénié ce, in an tare ta ba mai isa gada. Wannan kuma asibiti da ungozomarta, suna can wajenmu."

Na gyara tabarau kamar mai duba taswirar yaƙi. "To Janar, ina kofin al'ada? Ko ba a koya muku ita da Faransanci ba?"

"Tana nan, Baba." Ya ɗaga butar shayin. "Na yi ta tunani, abin da ake zuwa nema gidan nan Inna ce, da ruwan wanka da kunun kanwa." Ya ajiye butar can kusa da kofin asibiti.

Ina shirin kawo hujja, sai uwar yarinyar ta ce daga bayan labule, "Malam, ni fa na riga na ɗaure kayana."

Ba a jima ba hanya ta rufe yadda kofuna suka faɗa. Aka haifi jikata lafiya, a hannun kakarta. Ni aka bari a Williamsville da ragon suna, muna kallon juna. Aka kara waya a kunnen jaririya na yi mata huɗuba. Ranar suna na yanka ragon a tsakar gida, maƙwabtan da suka daɗe ba su ga nama ba suka ci, suka yi wa yarinyar da ba su gani ba addu'a.