Matar da ke yi wa mahaifinta magariba sau uku

Tasallah Arzika tana da shekara arba'in da tara. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta mata biyu suna gidan aure, sana'arta turara shinkafa a Kaoje. Ita ce babbar 'yar Malam Arzika, wanda ya yi shekara talatin yana ƙetarar da mutane da kaya a kwalekwale tsakanin garin Lolo da ƙauyukan ƙasar Benin. Shekara huɗu ke nan tana jinyarsa ita kaɗai. Ƙanenta Malami yana kasuwanci a Malanville ta ƙasar Benin, yakan kira ta a waya ranar Juma'a.

Ciwon ya fara ne da mantuwa, shekarar da aka rufe iyaka. Malam Arzika ya manta sunayen jikokinsa, daga baya ya manta hanyar masallaci. Da aka yi ƙaramar salla a shekara ta biyu, kowa ya ajiye azumi, shi bai ajiye ba. A wurinsa kullum watan azumi ne. In Tasallah ta kawo fura da hantsi sai ya ture ƙwaryar.

"Ke ɗiyar wa ce? Ba ki da kunya? Rana tsaka!"

Ta yi ta gaya masa watan ya wuce. Ran nan ya jefe ta da buta. In an kira magariba ma, loma biyu yake yi ya ce ya ƙoshi. Cikin wata biyu ya rame har ba ya iya tashi daga tabarma sai an kama shi.

Dabarar ita ta samo ta. Takan toshe tagar ɗakinsa da buhun shinkafa, ta saki tabarma a ƙofa, ta bar shi cikin duhu ɗan lokaci. Sai ta shiga da dabino da kunu ta ce, "Baba, an kira salla, a sha ruwa." Ya yi addu'a, ya ci. Sau uku take yin haka a yini. Jikinsa ya dawo.

Ita kuma daga nan barci ya ƙaurace mata. Ta je wurin limamin unguwa ta gaya masa tana ƙarya da kiran salla. Ya ce mahaifinta babu azumi a kansa, ita kuma ciyar da shi take yi, ba ta da laifi. Ta yi godiya ta dawo gida, amma zuciyarta ba ta karɓa ba. Ta ɗora wa kanta azumin kwana sittin a jere, wanda babu malamin da ya ce ta yi. Kowace rana in ta sha ruwa takan ƙulla ƙulli ɗaya a tsohuwar igiyar kwalekwalen Baba.

Turara shinkafa aikin wuta ne. Ana jiƙa ta, a ɗora tukunya, a tsaya kan tururi, a kwashe a shanya. A kwana na ashirin da shida ta faɗi kusa da murhu, maƙwabta suka kai ta ƙaramin asibiti. Asama'u, ma'aikaciyar lafiyar da ke duba Malam Arzika tun farko, ta auna jininta ta same shi ya hau.

"Yaya, wane ne marar lafiya a gidanku? Baba ya fi ki ƙiba."

"Shi yana cin uku," in ji Tasallah, har ta ɗan yi dariya.

"To ke ma ki shiga ɗakin a yi miki magariba. Ciwon Baba na ƙwaƙwalwa ne, ba mu da maganinshi. Naki muna da shi. In kin faɗi, wa zai ɗauke shi? Ni?"

Asama'u ta san abin da take faɗa. Tsofaffi bakwai masu irin wannan ciwo take zagayawa a kan babur, kuma ta ce masu jinyar sun fi ba ta tsoro. Ta kira Malami da kanta. Ya ce zai zo bayan girbi.

Tasallah ta karɓi maganin, ba ta ajiye azumin ba. Ta daina zuwa biki da suna. Maƙwabciyarta Saratu ta ce takan same ta tana sheƙa shinkafa tana hawaye, in an tambaye ta ta ce ƙaiƙayi ne.

Ranar Litinin da ta wuce, kwana na arba'in da ɗaya, ta shiga ɗakin da azahar kamar kullum. Baba ya ci dabino, ya miƙo mata kofin kunu.

"Baiwar Allah, ke ma ki sha ruwa."

Ta karɓa ta yi bisimilla ta shanye. Ta ce a lokacin ba ta da shakka rana ta faɗi. Sai da ta ɗaga tabarmar ƙofa ta ga shinkafarta a shanye cikin rana. Ta zauna a dokin ƙofa har la'asar, Saratu ta zo ta same ta a nan. Tasallah ta tambaye ta: ko haka ciwon Baba ya fara?

Ba ta koma wurin liman ba, ba ta gaya wa Asama'u ba. Ranar Talata ta kwance ƙullin arba'in ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki azumi daga farko.