Rigar Sanyi a Bakin Teku

Yayana direban bas ne a wata ƙasa mai sanyin da ke sa haƙora rawa. Shekara goma sha bakwai, duk hutun da ya samu gida yake kawo shi, ya ƙare a gaishe-gaishen dangi. Bana matarsa ta tsaya kai da fata sai da suka tafi wata ƙasa mai zafi, bakin teku. Inna kuwa ya ce mata ba a ba shi hutu ba.

Tun da suka sauka hankalinsa bai kwanta ba. Matarsa na kan yashi, shi yana ɗakin otal yana gadin waya, domin kiran Inna ba shi da lokaci, kuma sai ta ga fuska. Rigar sanyi da hular ulu na rataye a ƙofa kamar kayan 'yan kwana-kwana.

Rana ta uku, ina gefen Inna, ta kira. Ga shi nan cikin riga har wuya, ya jingina da bango.

"Babana, gumin me kake yi haka? Zazzaɓi ne?"

"Na'urar ɗumama ɗaki ce, Inna."

Ta ƙura wa wayar ido.

"To wannan tsaka da ke bango bisa kanka fa, ita ba ta jin sanyi?"

Ko waiwayawa ya kasa.

"Cire rigar kafin ka sume mini. Mai gadin kurkuku ka ɗauke ni? Ba ni matar taka in gode mata."