Kifin Mushe Ya Taso Jin Jawabi

Jama'a, ku ji abin da idona ya gani yau a Dogondutsi!

Sati biyu muna gayyar yashe tabkin da ruwan majema ya kashe. Sai ga wani mushe, wato ɗan bokon ofis, daga Yamai, farar riga fes, da garwar kifin da zai zuba a tabkin.

Inna Tabawa, tsohuwa mai kula da tabkin, ta ce, "Ɗana, dakata. Ko kwaɗi ba su dawo ba."

Ya ce, "Inna, mun samu mulkin kai. Ba mu jiran kwaɗi."

Ya juye garwar, ya ba tabkin baya, ya kama jawabi da Faransanci. Kafin ya kai rabi, kifin duk sun taso, ciki sama.

Inna ta ja hannun rigarsa. "Waiwaya, ɗana. Baƙinka sun taso saurare."