Zogalen da akuyata ta ƙi

Ina tsinkar zogale a tsakar gida, sai na watsa wa akuyata karare da ragowar ganye. Ta sunsuna, ta yi atishawa, ta juya baya. Akuyar da har kwalin sabulu take ci!

Na ɗauki ganyen na duba. Shar da shi, ko huda ɗaya babu, alhali da damina muke, lokacin da tsutsa ke mai da zogalen kowa kamar rariya. Da na kai shi hanci sai na ji wani ɗan wari, irin na gonar wake bayan feshi.

Na sa mayafi na koma kasuwa wajen dattijuwar da ta sayar mini.

Na ce, "Inna, an yi wa ganyen nan feshi?"

Ta ce, "Haba ɗiyata! Duba da kyau, ko tsutsa ba ta taɓa shi ba."

Na ce, "Ai abin da ya dawo da ni ke nan."

Sai ta kau da kai, ta ce daga Sabon Maci ake kawo mata, ita saye kawai take.

Wataƙila gaskiyarta. Amma kwaɗon da yara za su ci ne in sun taso lekwal, wato makaranta, don haka rami na haƙa na binne shi. Da la'asar na dasa zogale uku a magudanar ruwan wanke-wankenmu.

Ganyen da tsutsa ta ƙi, akuya ta ƙi, ku za ku zuba wa ɗiyanku?